Ƙanzon Kwalta Ba A Jiƙa Shi

Daga Allah muka zo, gare shi za mu koma. Uban mijina ya cika ranar Talata da hantsi, a ɗakinsa na bakin rumbu, kafin azahar an kai shi makwancinsa. Ya tsufa ƙwarai, ya yi kalmar shahada da bakinsa, ba abin da za a ce sai godiya. Amma tun daga ranar ban samu sukuni ba, kuma ba kuka ne ya hana ni ba, bakin mutane ne.

Zana ɗaya ce ta raba madafina da zaure, saboda haka duk abin da maza suka faɗa a kunnena yake sauka. Mutum zai yi sallama, ya ce Allah ya jiƙansa, a shafa fatiha. Sai wani ya gyara murya ya ce, "Allah sarki, Ƙona-Gada an tafi." Sai ka ji 'yar dariya ƙasa-ƙasa tana zagaya tabarma. Wani tsoho da ya tako tun daga Kiyawa, ko haƙorin kirki ba shi da shi, ya ce, "Ai ina cikin waɗanda aka sake kora saran itace wata guda cur saboda gyangyaɗinsa. Amma dai na yafe." Ji fa! Wai ya yafe. Ina riƙe da muciya a lokacin, Allah ne kaɗai ya riƙe min hannu.

Cikin gida ma haka. Wata ƙanwar uwar mijina da aka ɗauko a kan jaki daga Miga tana sharar hawaye tana cewa, "Bawan Allah, mutumin kirki, barci ne kawai ya yi masa yawa." Baba da barci! Mutumin da ko zakaran gidan nan haushinsa yake ji don yana riga shi tashi. Maigidana kuwa, babban ɗansa, yana tsakiyar maza ya sunkuyar da kai. Bai yi dariya ba, bai kuma tsawatar ba, domin shi ma abin da ya yarda da shi ke nan shekara talatin da 'yan kai.

Ga kuma wata masifar da ni kaɗai take ci. Duk wanda ya ce "Allah ya jiƙansa", Allah na tuba, kunnena wata jiƙar daban yake ji. Za ku gane dalili. Baba ne ya ɗaure min baki, ya ce kada in kuskura in kwance sai bayan ransa. To, ga bayan ran nasa ya zo.

Asalinsa mai narkar da tama ne, gado daga kakanni, a gindin duwatsun nan na Dutse. Da Nasara suka zo, jirgin ƙasa ya iso Kano, ƙarfe ya zama abin tsinta a kasuwa, sai sana'ar ta mutu a hannunsa. Ba a daɗe ba aka fara share hanya daga Dutse zuwa Kiyawa, aka ce za a yi gadar itace a rafin da ke bayan unguwarmu. Itace kuwa a ƙasar nan abincin gara ne. Sai aka kawo kwalta a durom-durom, baƙa ƙirin, a daskare, sai da gatari ake fasa ta, wai a narka a shafe kowane gungume kafin a kafa shi. Waɗanda aka fara sawa suka zuga mata wuta kamar masu dafa ganda, suka lalata durom guda a banza. Sannan aka ce a nemo wanda ya san wuta, aka zo ƙofar gidan nan.

Ni ana tsakiyar aikin aka kawo ni amarya. Abin da na tarar shi ne dattijo mai warin kwalta, da muciya mai tsayin mutum, da tukunya ta rabin durom. Namiji da muciya! Ko ƙwaryar da ya sha ruwa sai an wanke sau uku. Kuma da yake suruki ba ya magana da matar ɗansa fuska da fuska, sai ya samo tasa dabarar. Akwai jakinsa ɗaure a bakin rumbu, to shi yake gaya wa.

"Kai jaki, ka gaya wa mutanen cikin gida miyar yau gishiri ya yi tafiya."

Ni kuma in durƙusa a bayan zana in ce, "To, Baba." Jakai huɗu aka yi a gidan nan a zamana, ɗaya bayan ɗaya, kowanne ya yi wannan aikin tafinta har ya mutu. Amarya yake ce min in zai ambace ni, har na yi furfura, har na aurar da 'ya'ya, ina nan dai a Amarya. Duk abin da na sani game da kwalta a bakin rumbun nan na ji shi, domin Baba ya koya wa jaki sana'ar tsaf, ni ina wanke-wanke ina saurare ba da son raina ba.

Yakan ce kwalta abu uku ce a haɗe: akwai zufarta, akwai jikinta, akwai ƙanzonta. In ka ba ta wuta a hankali kana juyawa, jikin zai saki ya yi ruwa, ka shafa wa itace ya shige shi. In ka matsa mata, sai mai sauƙin da ke cikinta ya tsere, ya fita da hayaƙi rawaya, abin da ya rage ya yi kauri, ya yi gautsi, in ya bushe a jikin itace ya riƙa ɓarewa. Wannan mai tserewar shi ne zufa. Baba ba ya barin ta ta tafi a banza. Ya ƙera murfi mai lanƙwasasshen baki, tururin ya taru a jikinsa ya riƙa ɗiga cikin gwangwani, wani mai ruwa-ruwa, ja-ja, mai hawa kai. Da shi yake shafa wa raƙuma ƙazuwa, da jakai masu gyambo a baya. Fulani da Buzaye har layi suke yi masa ranar kasuwa, bai taɓa karɓar ko ƙwaryar nono ba. Uwar mijina, da muke kira Inna, ta yi mitar wannan har ta gaji.

Ƙanzo kuwa shi ne abokin gabarsa. Komai iya wutarka sai wani abu ya kwanta a gindin tukunya, ya ƙone, ya zama baƙin dutse mai huji-huji kamar gawayi. "Ka ga, jaki," yakan ce, "in ƙanzo ya kwanta, zafi ba ya ratsawa. Sama ta ƙi narkewa, wawa ya ga haka ya ƙara itace. Gindi ya yi ja, ƙanzo ya ƙara kauri, ya kuma ƙara itace. Yana nan yana ƙari har tukunya ta huje." A kan wannan suka riƙa rigima da helma, shugaban leburori, wani mai bulala da gaggawa. Helma ya ce a ƙara wuta rana na yi. Baba ya miƙa masa muciya ya ce, "Ranka ya daɗe, ga ta, ka gaya mata da bakinka, wataƙila kai ta ji maganarka." Leburori suka tuntsire da dariya, helma ya riƙe abin a ransa.

Saboda ƙanzon nan, duk ranar Alhamis da yamma sai ya mirgino tukunyar gida, don ƙarfe a lokacin ba a barin sa a daji. Juma'a ba aiki, to tun sassafe zai shiga cikinta da guduma da wani ƙarfe mai kaifin baki. Ƙwang! Ƙwang! Ƙwang! Har hantsi ya ɗaga. Kaji su watse, kaina ya yi kamar ya tsage. Ina cewa a raina, wannan wane irin rashin dabara ne na maza? Ko yarinyar da ta fara tuƙin tuwo jiya ta san ba a kankare ƙanzo a bushe. Ruwa ake zuba masa, ya jiƙa, ya taso da kansa.

Sai in faɗi halin da nake ciki, ba don in wanke kaina ba. Satin da aka kawo ni, akuyar Inna mai ciki ta faɗi ta mutu. Sati na biyu, tulun gado ya fashe a hannun wani, ba ma a hannuna ba. Na fara jin ƙus-ƙus a tsakar gida, ana kallon ƙafata. Duk macen da ta ji an ce mata mai farar ƙafa ta san abin da ke biyo baya: a mayar da ke gidanku, kuma ba namijin da zai ƙara tako ƙofarku da maganar aure, sai ki tsufa ana nuna ki da baki. Ina neman abin da zan yi a ce amaryar nan akwai hannu.

Juma'ar sati na uku, Baba ya fara ƙwanƙwasarsa, bai kai rabi ba aka aiko an yi rasuwa a dangin Inna, suka fita gaba ɗaya, maza kuma daga can za su wuce masallaci. Aka bar ni da tukunya tana kallona. Na ɗauki tulu. Tulu huɗu na ɗebo, na tuttula mata, na zauna ina jiran abin yabo. La'asar ta yi na taɓa ƙanzo, yana nan kamar dutsen niƙa. Na ji kunya, na karkata tukunyar da ƙyar na zubar da ruwan a bayan rumbu, na goge cikinta tas da tsumma. A idona ta bushe. Ina zan san ƙanzon kwalta shan ruwa yake ya ɓoye a cikinsa?

Al'adarsa kuwa, kafin ya jefa kwalta sai ya gasa tukunyar babu komai a ciki, ko raɓa ce ta faɗa ta fita. Amma ranar Asabar ɗin an ce Bature zai zo duba gada washegari. Helma ya tsaya a kansa da bulala, ba a bar shi ya ƙarasa kankara ba, ba a bar shi ya gasa ba, leburori suka antaya gutsattsarin kwalta har baki aka hura wuta. Daga baya ya gaya wa jaki cewa da ta fara narkewa ya ji wani sauti daga ƙasa, tsss, tas-tas, irin na ɗanyen nama a cikin mai. Ya ce tun da yake bai taɓa jin tsoro irin na lokacin ba, don ya san ruwa ne, kuma ruwa in ya tafasa a ƙarƙashin kwalta ba ya fita shi kaɗai, da ita yake tasowa.

Ya daka wa leburori tsawa su gudu, suka gudu, har da helma a gaba. Shi kuma ya durƙusa yana janye itacen wuta daga murhu da hannunsa. Bai gama ba ta kumburo, ta yi kumfa, ta malalo ta kowane gefe, ta zubo masa a hannun dama tun daga kafaɗa. Ta taɓa garwashi ta kama. Gumaguman gada kuwa an jera su nan kusa, an riga an shafe rabinsu, wuta ta bi su ta cinye. Daga tsakar gida na ga baƙin hayaƙi ya tokare sama, tun kafin kowa ya faɗa min jikina ya ba ni.

A kan ƙyaure aka kawo shi. Gida ya cika, ana fifita, ana neman mai maganin ƙuna. Inna ta tsaya a tsakiyar mata ta buga ƙirji ta ce, "Akuya, tulu, yanzu kuma wannan! Tunda aka..." Ta juyo ta dubi ƙafata. Shi kuma, a kwance yake, an ajiye shi a inuwar rumbu, idonsa ya faɗa kan danshin da ke baya, baƙin ruwa mai ƙyalli, ga tsummana a gefe. Ya duba, ya duba. Sai ya ɗaga murya yadda har na waje za su ji.

"Ku daina neman dalili. Gyangyaɗi na yi. Barci ya ɗauke ni wuta ta yi yawa."

Helma ya ji daɗin wannan magana ya kai ta gaba da gudu, tunda ta wanke shi. Aka sallami Baba daga aiki, ba don ƙunar ba da har bulala zai sha. Aka sake korar mazan ƙauyuka uku saran itace a daidai lokacin sharar gona. Kafin wata ya ƙare yara sun sa shi a waƙa, sunan Ƙona-Gada ya bi shi.

Da mutane suka ragu, da la'asar, na rarrafa na durƙusa a bayan zana ina kuka. Na ce, "Baba, ni ce." Ya yi kamar bai ji ba. Na sake faɗa. Sai ya juya kai wajen jaki.

"Kai jaki, ka gaya wa Amarya ta ɗebi ƙasa ta rufe bayan rumbu, ta jefa tsumman nan a murhu. Ka kuma gaya mata, in ta buɗe baki a kan wannan ina raye, ko ga mijinta ne, ban yafe ba duniya da lahira. Ni hannu ɗaya na rasa. Ita in aka ji, rayuwarta ce gaba ɗaya."

Na ce, "Baba, sunanka fa?"

Ya ce, "Jaki, ka ce mata ta tashi, tuwo zai yi dare."

Kada wani ya ɗauka daga nan zama ya yi daɗi, ina ta godiya yana ta shi min albarka. Ina! Mutumin nan ya gasa min aya a hannu shekara talatin. Hannun ya warke a ƙandare, noma sai da hagu, ya zama mai yawan zama a gida, ba shi da aiki sai ni. In na ɗauki tulu zan zuba wa tukunyar tuwo ruwa, sai in ji tari daga bakin rumbu, ƙyaf-ƙyaf, na ƙarya. In baƙi sun zo, ya ce, "Amaryar gidan nan akwai tsafta, ba tukunyar da take bari." Su ce madalla, ni in ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Da haƙoransa suka zube sai ya tsiri cin kwaɗon ƙanzo, kullum da hantsi, kuma ba mai yi masa sai ni. Ya ce, "Jaki, ka ce a jiƙa. Ka faɗa da kyau fa, na tuwo." Sannan ya yi ta dariya shi kaɗai har da hawaye, mutanen gida suna cewa tsufa ya fara taɓa shi.

Wata rana abin ya ishe ni, na dire kwanon a gabansa da ƙarfi har mai ya fantsala. Na ce wa jakin, "Ka gaya masa ni na gaji, ko ya sake ni in faɗa ko ya daina." Ya ci kwaɗonsa tas, ya suɗe yatsu, sannan ya ce, "Ka ce mata ba ɗaya daga ciki." Na shiga ɗaki na yi kwana biyu ban gaishe shi ba. Rana ta uku na tarar da sabuwar muciya a ƙofar madafi, ya sassaƙa ta da hannun hagu, a karkace, har yau da ita nake tuƙi.

Abin da ya fi ci min rai ba tsokanarsa ba ce, tsakaninsa da ɗansa ne. Maigidana matashi ne mai zuciya a lokacin, yana cikin leburorin da aka fara yi wa kallon za su zama wani abu. Bayan gobara aka kore shi tare da uban, a kasuwa ana ce masa ɗan Ƙona-Gada. Ya shigo gida ranar ya tsaya a kan mahaifinsa, hannun uban na ɗaure da ganye, ya ce, "Baba, barci? A bakin wuta? Kai da ka hana mu ko ƙyafta ido a murhun tama?" Baba ya ce, "Ƙaddara ce." Tun daga ranar ɗan ya raba kwano. Yana gaishe shi safe da yamma, yana noma masa, bai taɓa barin sa da yunwa ba, amma hannunsu bai ƙara haɗuwa a akushi ɗaya ba. Ni ce mai zuba tuwon, kwano biyu, in kai ɗaya zaure in kai ɗaya bakin rumbu. Sau nawa na buɗe baki a gaban mijina, sai in tuna "ban yafe ba", in haɗiye.

Bayan Inna ta rasu na je na ce, to yanzu fa? Wa zai kore ni, ga 'ya'ya bakwai? Ya ce wa jaki, "Ka ce mata namiji ya fi iya haƙuri da ubansa a kan matarsa. Ni ba zai iya sakina ba." Kai, taurin kai irin na bawan Allah nan ban taɓa gani ba. Ko a ciwon ajalinsa, da na kai masa kunu na ce, "Baba, ka kira shi ka gaya masa, ko sau ɗaya ku ci tare," sai ya rufe ido ya yi minsharin ƙarya. Mutumin da aka yi wa sharrin barci, ga shi yana yi min barcin gangan.

Ranar sadakar uku zaure ya fi kullum cika. Ina bakin murhu ina kwasar tuwo, sai na ji wani, daga muryarsa ma ba a haife shi ba lokacin da aka yi abin, yana ba da labari har da kwaikwayon minshari. Wai an ga Baba ya jingina da muciya baki a buɗe. Aka yi dariya, wannan karon ba ƙasa-ƙasa ba. Na ajiye mara. Mace ba ta magana da zauren maza, na sani. Amma jakin nan na huɗu yana ɗaure a inda ya saba, yana cin karansa. Na je na tsaya a gabansa, na ɗaga murya iyakar ƙarfina.

"Kai jaki! Ka gaya wa mutanen zaure, mai wannan ɗaki bai taɓa gyangyaɗi a bakin wuta ba. Ka ce musu amaryar gidan ce ta zuba wa tukunyar kwalta ruwa ranar Juma'a, wai tana jiƙa ƙanzo. Ka ce musu shi ya kori leburori ya tsaya shi kaɗai, shi ya sa ba uwar da ta binne ɗanta ranar. Wanda ya sari itace wata guda, ga ni, ni zai yafe wa ko ya fasa. Wanda kuma ya ƙara cewa Ƙona-Gada a gidan nan, kada ya ci tuwona!"

Mata suka daskare da ƙore a hannu. Ƙanwar Inna ta ce, "La ilaha illallahu," ta dafe kai. Ni kuwa wani abu da ya tokare min ƙirji tun ina yarinya na ji ya sauka.

Can sai ga maigidana ya ɗaga zana ya shigo. Ya tsufa shi ma, gemu fari fat. Bai dube ni ba. Ya tsaya a gaban jakin, ya ce da wata murya da ban san shi da ita ba, "Ka tambaye ta, ya sani?"

Na ce, "Tun a ranar. Shi ya hana ni faɗa."

Ya kalli ƙofar ɗakin, ya kalli akushin Baba da ke kife a kan dutse inda na wanke shi ranar Talata. Ya ce, "Shekara talatin ina aika masa tuwo shi kaɗai." Ya tsuguna ya ɗauki akushin ya rungume, wannan ƙaton dattijo, ya fashe da kuka a gaban mata da jikoki, kukan da bai yi ba ranar da aka ɗauki gawa. Sannan ya fita ta ƙofar baya, ko takalmi babu, aka ce an gan shi a maƙabarta har la'asar sakaliya.

Yau kwana tara. Bai ce min ci kanki ba, bai kuma ce in tafi ba. In na kai tuwo yana ci, amma a akushin ubansa yake cewa a zuba, kuma a bakin rumbu yake zama. Ban san inda abin zai tsaya ba, ban kuma yi nadama ba. Tsohon nan na Kiyawa ya aiko jiya wai a ce min ya janye yafewar da ya yi wa mamaci, tunda ba shi da laifi, ni kuma zai yi shawara. Ya yi ta shawararsa.

Har yanzu ina jin haushin Baba, wallahi. Da ya bar ni na faɗa tun Inna na sabuwar rasuwa, da sun ci tuwo tare ko na shekara goma ne. Ya zaɓa min rufin asiri, ya biya da hannunsa da sunansa da ɗansa, bai ko tambaye ni ba ko na yarda da cinikin. Da safen nan na kankare tukunya, hannuna ya yi abin da ya saba, na jiƙa ƙanzo, na daka ƙuli, na zuba mai, na ɗauko har bakin rumbu. Ina tsaye da kwano ina jiran in ji tarin ƙaryan nan. Jaki ya ɗago ya dube ni, ba wanda ya ba shi saƙo.

Allah ya jiƙanka, Baba. Wannan karon na faɗa da kyau.